Wardin Nebahat

A ƙauyenmu da ke bayan Isparta,
inda duwatsu ke riƙe sanyi har tsakiyar Mayu,
kakata Nebahat ba ta jiran ladan.
Kafin ya gyara murya ta ɗaura buhu a ƙugu,
ta shige kunyoyin wardi, raɓa har gwiwa.

Ni kuwa na zo hutu daga Ankara
da tukunya a cinya tun daga tasha:
wardi ja jawur, kansa kamar dunƙulen hannu,
na saye shi da tsada a shagon gilashi.
Na ce, Kaka, ga sarkin lambunki na kawo.

Ta sunkuya ta shaƙa.
Ta ɗaga kai ta dubi iska, ta daɗe.
Ta ce, wannan an yi masa ado, an cire masa harshe.
Masu haɗa iri sun nema masa girma,
sun nema masa kwana goma a kwalba bai yanƙwane ba,
sun nema masa wuya mai jure jirgi.
Babu abin da ake samu kyauta, 'yar nan.
Da ƙamshinsa aka biya.

Na ji haushi.
Da azahar na fita, rana na dukan ƙeya,
na cusa hanci cikin nata, masu ruwan hoda, masu kunya.
Shiru.
Na dawo da gudu: Kaka, naki ma ai bebaye ne!
Ta yi dariya har shayinta ya zube.
Wanda ya zo bayan kasuwa ta watse
ba ya cewa garin babu hatsi.
Man wardi baƙon asuba ne,
rana na ɗagawa ya naɗe tabarmarsa.

Daga nan ta buɗe mini littafin da ba a rubuta ba.
Shekarar da ruwa ya yi sati uku bai ɗauke ba,
furanni sun cika buhu, tukunyar tagulla ta tashi wayam.
Maƙwabcinmu Shevket, mai son a gani,
ya ɗura wa gonarsa taki kamar mai gayya:
ganye ya yi kore shar, reshe ya wuce kansa,
ƙamshi ko na rantsuwa babu.
Ƙoshi ma yana sa mantuwa.
Ga wancan da ke ƙarƙashin tuffa,
inuwa ta cinye masa murya.
Kuma duk furen da zuma ta riga ta ziyarta
yakan daina kira.
Me zai ƙara faɗa? An riga an amsa masa.

Washegari na bi ta tun da duhu.
Yatsuna suka yi sanyi, ƙaya ta sha jinina.
Sai ga shi ya taso daga ƙasa,
mai nauyi, mai laima,
ya cika mini ƙirji har na kasa magana.
Na ce, Kaka, kina ji?

Ba ta daina tsinka ba.
Ta ce, rabona da jin sa
tun damunar da muka binne kakanki Ruhi.
Likita ya ce tsufa ne.
Wasu sun ce hancin da ya shekara sittin a abu ɗaya
gajiya yake yi, kamar kunnen mai niƙa.

Na ce, to yaya kika san nawa ba ya ƙamshi?

Ta ƙulle bakin buhu, ta nuna da haɓa
can bakin ƙofa, inda tukunyata take zaune ita kaɗai,
ja jawur, kamar an zana.

Tun da kika sauke shi nake kallo, in ji ta.
Ko ƙudan zuma ɗaya bai tsaya ba.