Haruffa Masu Hula

Shekara talatin ina ɗaga kwantena
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
ban taɓa sakin ko ɗaya a teku ba.
Yau ga ni gaban takarda, hannu na rawa,
fensir ya fi ƙarfen tan ashirin nauyi.

Maite, autata, ta ture kwanon miyar kifi gefe.
Ta ce, Baba Eleuterio, zana kibiya.
Tsawonta shi ne ƙarfi,
bakinta shi ne inda ta dosa.
Malamin makarantar dare bekta yake ce mata.

Sai ta jero mini wasu haruffa uku,
kowanne da 'yar hularsa a ka
kamar dattawan da suka zo neman aure:
i na kallon gabas, j na kallon arewa,
k ya ɗaga kai sama, inda nake wuni.
Duk cikinsu ba wanda ya wuce taki ɗaya.

Jirgi ya ja uku gabas,
igiyar ruwa ta tura huɗu arewa.
Na ce bakwai.
Ta kwashe da dariya har gilashinta ya zame.
Biyar ne, Baba, ta tsakiya zai ratsa.
Ai na sani! Kafaɗata ta sani,
ranar da iskar kudu ta kaɗa kaya
na karkata hannu ban tambayi kowa ba.
Hannu ya iya, baki ne bai san sunan ba.

Tambaya ta shida na manta alamar ragi,
jirgina ya bar teku, ya hau dutse,
ya tsaya a ƙofar gidan maƙwabciya Fresia.

Ta ce, to lissafa wannan:
kullum ka sauka tudu da asuba,
ka hawo da dare. Nawa ka gusa?
Na haɗa, na rage.
Sifili.
Shekara talatin, wai sifili!
Na ce ta je ta faɗa wa gwiwoyina.

Na ƙarshe shi ne ya hana ni barci.
Raba kibiya da tsawon kanta,
sai girman ya tafi, ƙarfin ya tafi,
alƙibla kaɗai ta rage.

Ta yi barci a kan littafin.
Na rufe ta da rigar aikina mai warin gishiri,
na fiƙe fensir,
na sa wa i hularsa,
na koma tambaya ta shida.