Ƙafa Ta Biyar

Ƙarfe ɗaya na dare a Agege,
ruwa ya ɗauke, zafi bai ɗauke ba.
Na tura filogi, na danna maɓalli,
na kasa kunne kamar wanda ya yi sallama.
Shiru.
Ko ɗan jan ƙwan nan bai ƙyafta ido ba.

Sati uku nake haɗa allon nan.
Sau biyu na je Alaba, gwiwata a bayan wani cikin danfo.
Ikenna ya ƙunso mini resista a takarda
kamar mai sayar da barkono,
ya rantse da kabarin kakarsa taransifomar sabuwa ce.
Da hannuna na zana hanyoyi a kan tagulla,
na huda ramuka ɗari da 'yan kai,
har yau akwai tabon dalma a yatsana.

Na fara da fiyus, don mai bin sawun ɓarawo
daga bakin ƙofa yake farawa.
Lafiyarsa lau.
Na ɗauko mitar da na aro wajen Baba Rasaki mai gyaran fanka,
wadda sai an mare ta take faɗin gaskiya.
Bakin taransifoma: sha biyu nan, sha biyu can.
Ashe Ikenna bai ci amanar kakarsa ba.
Allah ya yafe mini zato.

Bayan diyod huɗu, wuta na nan.
Kan babban kafasita, wuta na nan,
har ta ɗan cije ni don in shaida.
Daga nan sai ta ɓace
kamar kuɗin da ya shiga hannun ɗan kamasho.

Sauro ya gano idon sawuna.
Tasalla ta juya a kan katifa ta ce,
"Sallau, abin nan ba zai gudu kafin asuba ba."
Na ce saura kaɗan. Jiya ma haka na ce.
Ba ta ƙara ba, ta san dalili:
kaset ɗaya, fari, da sunana da biro.
Inna ce ta yi magana a ciki, shekara goma sha tara ke nan,
ta ba direban motar albasa ya kawo mini kasuwa.
Tsohuwar rakodata tana juya shi har yanzu,
murya ce ta mutu.
Mai muryar ma ta riga ta.

Na kifa allon, na kama tocila da haƙora,
na bi layin tagulla ɗaya bayan ɗaya
kamar baƙo a lungunan Idi-Araba
da adireshin da ruwa ya jiƙa.
Ga ɗan baƙin nan mai ƙafa biyar.
Ta biyar ɗin, dalma ta yi mata rawani, sai sheƙi.
Na taɓa da tsinken ashana,
ƙafar ta yi rawa a cikin raminta.
Gaisuwa ce kawai, babu riƙo.
Aikina ne. Ranar ina sauri, ƙarfen bai gasu ba.

Na kankare, na goge, na jira.
Hayaƙi ya shiga idona.
Wannan karon dalma ta kwanta
kamar man shanu a kan tuwo mai zafi.

Na danna.
Jan ƙwai ya buɗe ido.
Lasifika ta yi gyaran murya can ƙasa,
na ɗora yatsa a bakin waya, ta amsa: buuu.
Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Na jona kaset. Shuuu. Kukan zakara daga nesa.
Sai ga ta:
"Sallau, kana ji na? Yaron nan ya ce in yi magana a nan..."

Nefa ta ɗauke wuta.

Janareton maƙwabta ya fara tari.
Muka zauna a duhu, ƙarfe na hucewa, ɗaki na ƙamshin ƙaro.
Tasalla ta ce, "Ka amsa mata mana."
Na ce, ina ji, Inna.
Ina ji.