Tuta Rawaya a Horta

Kwana goma sha tara teku bai nuna mana ko ganye ba.
Da asubahin na ashirin Evaristo ya taɓa ƙafata,
bai ce uffan ba, ya yi nuni da haɓa.
Dutsen Pico ne, da hular gajimare a ka,
yadda na bar shi ina 'yar shekara tara.

Hancina ya riga idona isa gida:
jiƙaƙƙiyar ƙasa, kashin shanu,
hayaƙin wani mai burodi da ya yi sammako.
Na ɗauka zan yi kuka.
Sai na tashi na naɗe filafilai,
don igiya ba ruwanta da kewar kowa.

Muka ɗaga tuta rawaya,
ɗan ƙyallen da bai isa goge fuska ba,
mai cewa: lafiyarmu ƙalau, a zo a duba,
mun iso, amma ba mu shigo ba.
Wata murya a rediyo ta tambayi sunan jirgi da Turanci.
Da Turanci na amsa.
Harshen uwata ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Wani yaro ya cafe igiyar da na jefa,
ya ɗaure mu da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da sigari.
Bangon tashar duk fenti ne,
sunayen jiragen da suka riga mu, wasu sun koɗe.
Na taka siminti, siminti ya goce.
Ashe teku na bin mutum har tudu,
yana karɓar sauran bashinsa a gwiwa.

Ofishin ƙarami ne, yana warin gahawa da jiƙaƙƙen takalmi.
Gualter, in ji sunan da ke ƙirjinsa.
Tsawon jirgi? Mita goma sha ɗaya.
Tashar ƙarshe? Bermuda.
Rai nawa? Biyu.
Makami? Dabba? Babu.
Abin da za ki bayyana?
Albasa uku da suka fara tsiro, gwangwanin kifi,
man injin da ba zai kai mu ko'ina ba.

Ban ambaci mabuɗin ba.
Babu gurbinsa a takardar.
Shekara arba'in da bakwai uwata na ajiye shi a gwangwanin allura,
mabuɗin ƙofar da toka ta binne
shekarar da wuta ta fito daga cikin ruwa
ta kore mu zuwa ƙasar wasu.

Ya buɗe fasfona, na baƙi, mai shuɗin bango,
ya kai yatsa wajen haihuwa, ya tsaya.
Ya zare tabarau.
"Capelo? Serpa na wane gida?"
Na ce na mai gyaran koma, gab da rijiya.
Ban san lokacin da ƙayar ta faɗa ba,
na dai ji bakina yana magana irin ta tsofaffi,
har ya yi dariya, ya ce rabonsa da jin wannan kalma
tun rasuwar kakarsa.

Ya mayar da tabarau, aiki aiki ne.
"Kwana nawa za ki yi, Dona Idalina?"
Gurbin amsar bai fi farce ba.
Na dube shi, na dubi biro.
Ya rubuta abin da doka ta yarda,
ya buga hatimi har kofin gahawa ya yi tsalle.
"Je ki sauke tutarki."

Na sauke ta da hannun da gishiri ya tsattsage.
Evaristo ya ce, ina muka nufa?
Na taɓa aljihu, ƙarfen na nan, ya ɗauki ɗumin cinyata.
Na ce wanka tukuna, sannan burodin nan mai zafi.
Gidan da ya jira ƙarƙashin toka tun ina yarinya
ba zai ƙi jiran azahar ba.