Tubalin Inna Marka

Ni mai faci ne a Tudun Wada,
taya na sani, ban san takarda ba.
In iska na zurarewa, sai in tsoma cikin ruwa,
kumfa ba ta iya rufa wa ƙusa asiri ba.

Ran Laraba aka manna sanarwa jikin shagon Mudi tela:
taron gunduma, Asabar, firamare, bayan la'asar,
kansila zai ji bakin jama'a kan kasafin baɗi.
Mudi ya ce, "Wane jin baki? An dafa an cinye,
kiranmu ake mu wanke tukunya."
Na ce, "Mu je. Mai wankin tukunya
shi ke ganin ƙanzo, ya san abin da aka dafa."

Muka zauna bencin yara, gwiwa har haɓa.
Allo na ɗauke da lissafin jiya,
bakwai a ɗebe uku, ba wanda ya amsa.
Kansila ya shigo da farar shadda da hoto a leda:
ƙofar ado za a gina a bakin titi,
fitila kore da ja, sunan gunduma a sama,
mai tahowa daga Ƙofar Doka ya san ya iso wuri.
Aka yi tafi.
Waɗanda suka zo a motarsa sun fi kowa tafawa.

Sai Inna Marka, mai ƙosan bakin lungu,
ta miƙe a hankali, ƙugu na ƙara,
ta kwance ƙunshin tsumma a kan tebur.
Tubali ne, rabinsa ya narke.
"Katangar ɗakina ke nan," in ji ta.
"Damina uku ruwan kwata na kwana da ni,
bai taɓa biyan haya ba.
Ranka ya daɗe, ƙofar nan taka mai fitila,
za ta ce masa ya koma?"

Shiru.
Har ana jin akuya na tuƙa a bayan taga.

Daga nan baki ya buɗe kamar buhun gero.
Ɗahara ungozoma ta ce a watan Agusta
goye ta ƙetare lungun da mai naƙuda.
Talle ya nuna tabon da rami ya bar masa a ƙwauri.
Kansila ya share gumi, ya ce za a duba.
Na ce, "Za-a-duba ta tsufa a garin nan,
har ta aurar da jikoki. A ƙirga hannuwa."

Kwalbati sittin da ɗaya.
Ƙofa goma sha huɗu, har da direba.
Sakatare ya rubuta, ya yi saurin rufewa,
muka ce a karanta mu ji.
Ya karanto, "Jama'a sun yaba..."
Muka ce a'a, sun ƙirga. Goge ka sake.
Lantana, 'yar aji shida, ta kwafe a littafinta,
Inna ta dangwala yatsa mai man ƙosai a ƙasa.

Kada ku ce mun ci gari.
Siminti ya zo, takarda ta ce buhu ɗari,
muka ƙirga tamanin da uku, sau biyu, da rana.
Sawu huɗu ke nan muna zuwa sakatariya,
maigadi ya san mu, har yana tambayar iyali.
Sha bakwai ɗin nan ba su fito ba tukuna,
amma an haƙa, an kafa rodi,
kuma Mudi, wanda ya ce wankin tukunya ne,
shi ke riƙe da littafin Lantana,
ya fi ɗan kwangila sammako.

Tubalin yana shagona, kusa da kwanon ruwa.
Inna ta ce in ajiye, kar ya ƙarasa narkewa,
akwai taro baɗi,
kuma rufin aji uku na yoyo.