Lahadin da Deolinda Ta Kalli Kifi

Ruwa ya wuni yana tsuga a garinmu na gaɓar Fotugal,
teku ya yi fushi, jirage duk a ɗaure.
Benedita ta ce, "Baba, gidan kifaye!"
Tome ya sa takalmi tun ban amsa ba.
Uwata Deolinda ta harare mu:
"Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye kan teburin kifi,
yau kuma in biya kuɗi in gan su?"
Amma ta yafa baƙin mayafinta, ta riga mu bakin ƙofa.

Gidan ba wani babba ba ne.
Tsohon rumbun gishiri ne a bayan tashar jirage,
ɗaki uku, tanki goma sha wani abu,
da wani saurayi, Anselmo, mai yagar tikiti,
shi ne mai shara, shi ne mai ba kifi abinci.
Babba yuro huɗu, yaro biyu,
tsohuwa kyauta. Wannan ma sai da ya ɓata mata rai.

Ciki duhu, sai shuɗin haske
yana rawa a goshin yara.
Tome ya manna hanci da gilashi
har numfashinsa ya rufe masa gani, ya goge da hannun riga.
Benedita na ƙirga sadin, ta kai sha tara,
suka juya gaba ɗaya kamar an ƙwala musu kira,
lissafi ya watse, ta koma ɗaya.

Uwata kuwa ciniki take yi.
"Wancan, kilo biyu da rabi, sha biyu ba ragi.
Wannan ƙaya ce zalla, ko kyanwa sai ta yi shawara.
Kaguwar nan ta rame, wa ke ciyar da ita?"
Anselmo ya sunkuyar da kai.
Wasu baƙi suka tuntsire, ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ɗaki na uku.
Tanki ɗaya, tulu kwance a kan yashi, ba motsi.
Yara suka ce babu komai, mu tafi.
Ta ce, "Ku dakata. Na san halinsa."
Ta tsaya kamar mai jiran bashi.

Hannu ɗaya ya fito daga tulun, a hankali,
sai na biyu, sai sauran shidan.
Jikinsa launin yashi, nan take ya koma ja kamar bulo,
ya zo ya shimfiɗa kansa a gilashi daidai fuskarta,
ido cikin ido.
Ta ɗora tafinta, tafin da gishiri ya tsattsage,
wanda wuƙa ta bar wa tabo a gindin babban yatsa.
Shi ma ya nannaɗe hannu guda a wurin.

Na jira farashi.
Benedita ma ta jira, ta gaji, ta ce, "Kaka, nawa?"
Shiru.
Injin iska na ta ɓulɓul a kusurwa.

Can ta ce, ba da mu take ba,
"Irinka nawa na juye wa kai a kan katako,
ban taɓa sanin haka kuke tafiya ba."

Muka fito, ruwa ya ɗauke.
Tome ya nace sai an saya masa kifin roba,
kafin mu kai mota jelar ta cire.
Benedita ta yi barci a kafaɗata, bakinta duk alewa.

Litinin da asuba na bi ta kasuwa.
Tana nan, wuƙa a hannu, ɓawo har gwiwar hannu,
tana faɗa da mai kawo ƙanƙara kamar kullum.
Sadin na nan, kaguwa na nan.
Gefen hagu, inda mai hannu takwas ya saba kwanciya,
ta jera lemun tsami.
Na buɗe baki. Ta ce, "Bai zo ba yau. Teku ne."
Na haɗiye maganata.
Teburin maƙwabciyarta kuwa maƙil yake da shi.