Moɗar Tunau

A Wurno, in hadari ya haɗo daga gabas,
yara na tsalle, manoma na hamdala,
kakana Arzika sai ya shige ɗaki ya tura ƙyaure.

Ya ce a yaƙin Bama ruwa ba ya gajiya.
Wata uku takalminsa bai bushe ba,
matsattsaku sun fi harsashi shan jininsa.

Lambarsa ta soja bai manta ba,
ko ranar da ya manta sunana.

Da wata lotsattsiyar moɗar ƙarfe
yake awon irin albasa,
ba mai shan ruwa da ita.
Ta Tunau ce, mutumin Kware.

“Aro ta, jikata.
Yac ce in riƙa mai,
shi ƙetara rahi
shi komo.”