Ƙwayar Gero a Rana

Iskar ruwan farko ce ta ɗaye kwanon rumfata,
na kai hannu in tare, ya sare ni a wuyan hannu.
Jini ya tsaya, fata ta haɗe, kowa a Domayo ya ce barka.
Ni kaɗai na san yatsu uku sun tafi ba sallama.

Shekara talatin ina dukanci a Marwa.
Ido a rufe nake gane fatar akuya da ta tunkiya,
wadda ta sha bagaruwa ta ƙoshi
da wadda majemi ya yi wa gaggawa.
Sai ga ni basilla ta huda mini ɗan'ali,
ban sani ba sai da ja ya ɓata farin kirgi.
Ran da butar shayi ta ci babban yatsana
hancina ne ya kawo mini labari.

Dakta Jaratu ta juya hannun kamar mai taya kaya.
Ta ce, "Baba Jatau, jijiyar ji ce ta tsinke.
Bakin nan ya ja baya, wancan ma ya ja,
tsakaninsu faɗin yatsu biyu.
In na janyo su da ƙarfi, ɗinkin ba zai ci ba."
Na ce, wannan ni za a gaya wa?
Fatar da aka ja da tilas, a bakin ɗinki take yagewa.
Sai maho.
Ta ce, "Maho kuwa, amma daga jikinka."

Daga sha-raɓata ta hagu ta zaro ’yar siririya.
Awa huɗu, in ji Hamajoda da ya ƙirga a kan benci,
tana duƙe bisa madubi mai kumbura ƙanƙanin abu,
da zaren da gashin jariri ya fi shi kauri.
Abu ɗaya ya ci mini rai:
barci aka sa ni, ban ga hannun ɗinkinta ba.

"Gada kawai na gina," in ji ta.
"Mai tsallakowa tafiyar ƙwayar gero yake yi a rana."

Mayo Kaliyawo ya cika, ya ƙafe,
yara suka koma buga ƙwallo a yashinsa.
Duk wata tana ƙwanƙwasa bakin tabo
kamar baƙo mai neman gida da dare.
Inda minjirya ta kama ni, nan take ɗiga biro.
Ɗigo na bin ɗigo:
wuyan hannu, gindin tafi, tsakiyar tafi,
wata guda ma ɗigon bai motsa ba, ban yi barci ba.

Kuma ba da daɗi ya dawo ba.
Ruwan alwala ya zama ƙaya,
cinnaku suka tare cikin tafina har asuba.
Na ce gara jiya. Ta ce, "Matacce ba ya ƙorafi."
Ta sa a jera mini kwano uku,
shinkafa, yashi, auduga,
in tsoma yatsu ido a rufe,
tsoho da furfura yana koyon sunayen abubuwa.

Wata na goma sha ɗaya, wata Talata,
jikata Nenne ta ɗaure mini ido da kallabinta,
ta danƙa mini ƙyallen fata.
Na murza. Na ce, tunkiya.
Ta tuntsire da dariya: "Akuya ce, Kaka!"
Na sake murzawa, a hankali, kamar mai tuno suna,
sai ga ’yan ƙurajen nan suna tasowa ɗaya ɗaya.
Akuya ce. Ta rani ma, kuma an yi mata gaggawa.

Kan yatsan tsakiya har yau bai ce komai ba.
Gefen ƙafar hagu ma ya yi shiru,
bashin da ƙafa ta ba hannu, ba ranar biya.
Takalmin farko da na ɗinka, nawa ne.
Na ninka masa fata ta wannan gefen,
don in ƙaya ta zo, babu mai gaya mini.